Wa Ya Ce Na Ƙi Injin Busar da Kaya?

Assalamu alaikum, matan wannan zaure. Sunana Turai, amma daga Gwammaja ta Kano har nan Setapak, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, babu mai kirana sai da Gwaggo. Ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Maƙwabciyarmu Khaulah ce ke danna muku wannan a kwamfutar mijinta, ni ina zaune a gefenta ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara min magana, kada ta zuba mata sukari. Sunaye kaɗai na yarda ta sakaya, amma masu abin sun san kansu.

Abin da ya kawo ni shi ne an ɓata min suna. A wurin karatun mata na ranar Asabar ana cewa wai wata tsohuwa 'yar ƙauye ta hana surukinta sayen injin busar da kaya, ta gwammace ta turara jariri da hayaƙin gawayi har sai da aka kwantar da shi a asibiti. Tsohuwar ni ce. Gawayin gaskiya ne, ba zan musa ba. Amma cewa na ƙi inji ƙarya ce tsagwaronta, kuma yau sai na warware ta, ko da warwarar za ta taɓa wadda na goya a bayana.

Walida 'yar ƙanena ce. Uwarta ta rasu ta bar ta tana wata bakwai, ni na raine ta, ni na aurar da ita ga Zahraddeen, wanda aka turo ƙasar nan ƙaro karatu. Da ta haifi Fatihu aka aiko min da tikiti in zo wankan jego. Kwana arba'in aka ce. Yau wata biyar da kwana tara. Sau biyu ana ɗaukar fasfona a je a ƙara min kwanaki.

Wadda ba ta zauna a garin nan ba ba za ta gane wahalar shanya ba. A Kano ki shanya zani bayan azahar, kafin la'asar ya bushe ƙayau. Nan kuwa rana ta fito da safe kamar da gaske, kina gama shanya sama ta ɗaure fuska, ƙarfe uku ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Iskar garin ma jiƙaƙƙiya ce. Gidanmu hawa na goma sha huɗu, barandar ba ta fi tabarmar sallah biyu ba. Na taɓa baza kaya a kan ƙarfen barandar, washegari aka zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai masu kula da ginin sun ce muna ɓata musu fuskar gida. Fuskar gida! Kamar su jariransu ba sa kashi.

Shi kuma Fatihu fatarsa ba ta shiri da famfas. Kwana biyu aka sa masa, mazaunansa suka yi ja kamar an barbaɗa barkono. Muka koma nafkin irin na da, dozin uku. Injin wanki akwai, ɗan ƙarami, yana wankewa yana matsewa. Busarwar ce tashin hankali. Na ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofar kicin, wata daga labule zuwa ƙusar agogo. Falon ya koma rumfar 'yan gwanjo. Fanka na kaɗawa, ni ina bi da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya, duk da haka ki ɗauko nafkin ki shinshina ki ji warin danshi. Bayan durowa har fumfuna ta fito baƙa ƙirin.

Ina wata biyu a garin na shiga wurin Khaulah aron rariya, na ga wani farin akwati a kan injin wankinta yana juyawa.

"Wannan kuma fa? Wanki biyu kike yi a lokaci ɗaya?"

"A'a Gwaggo, wannan busarwa yake."

"Ke dai faɗi gaskiya."

Ta jiƙa tawul a gabana, ta matse, ta jefa. Kafin mu gama shan shayi ta buɗe ta miƙo min. Ɗumi kamar gurasar da aka ciro daga tanderu. Na kifa fuskata a ciki, wallahi sai da ƙwalla ta zo min. Wata biyu rabona da in taɓa busasshen abu.

To a nan ne za ku gane inda aka shammace ni. Ni da Zahraddeen ba ma haɗa ido. Haka aka raine mu, suruki suruki ne. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa, "Gwaggo, an tashi lafiya?" Ni kuma in ja mayafi in juya gefe, "Lafiya ƙalau, Allah ya yi albarka." Shi ke nan har gobe. Gida ɗaki biyu, amma tsakanina da shi kamar akwai kogi. Ko gishiri nake so, Walida zan faɗa wa, ita ta kai masa. In yana da magana, ita ce za ta kawo min. Ita ce kwalekwalen.

Ranar na dawo na same ta a kan gado tana shayarwa, ɗankwalin atamfarta ya zame.

"Ke Walida, ki gaya wa mijinki ya saya mana irin injin gidan Khaulah."

Ta gyara wa yaron kwanciya. "To, Gwaggo."

Bayan kwana biyu na tambaye ta.

"Ya ce yana shan wuta da yawa."

Bayan sati na sake.

"Ya ce babu wurin ajiyewa. Kuma ya ce iyayenmu ma da hannu suka raine mu."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Na haɗiye. Amma a raina na ce, lallai yaron nan, wato ya samu injin da ba ya shan wuta, ga shi nan da zani da carbi. Daga ranar in ya gaishe ni, albarkar da nake sa masa daga leɓe take fitowa. Allah ya yafe min.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ko Khaulah sai kwanan nan ta sani, kuma duk wadda za ta yi dariya ta yi. Ina da mai nemana. E, ni, da furfurata. Shekara tara da rasuwar maigidana. Malam Abdulwahidu mai gyaran keken ɗinki ne a unguwarmu, shi ma matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun yi aure. Keken ɗinkina ne ya fara haɗa mu magana. Na kai masa sau ɗaya ya gyara, bayan sati ya aiko wai a dawo da shi bai gama ba. Sau huɗu ana dawo da keken da lafiyarsa ƙalau. A na huɗun na ce, "Malam, in keken ne ka bar shi ya huta, in kuma wata magana ce ka faɗe ta." Ya cire tabarau ya goge, ya ce wata maganar ce.

An yi maganar manya, aka tsayar sai na dawo daga jego. Ranar da zan taso ya kawo min 'yar waya Nokiya a cikin kwalinta, ya ce, "Kira yana da tsada, zan riƙa rubutowa. Ki sa 'yarki ta karanta miki."

Da fari saƙonsa dogo ne. Walida na karantawa tana tsokanata. "Gwaggo, Malam ya ce ya ci tuwon da ba gishiri yana tuna ki." In kai mata duka da mafici. Amma tun da arba'in ta wuce sai saƙon ya fara gajarta. Wayar ta yi ƙara, ta ɗauka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yana gaisuwa. Ya ce ki zauna sai kin gama, babu gaggawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To ki ce ina amsawa."

Babu gaggawa. Kun san yadda wannan kalma take sukan mace, ko shekararta nawa. Na ce to, Turai, tsohon ya huce. Na tattara zuciyata na mayar kan nafkin.

Sai damina ta ƙara ƙarfi, kwana shida ba mu ga rana ba. Wata safiya na duba, nafkin busasshe guda biyu ya rage. Na tuna yadda muke yi a gida in an kwana ana ruwa: kasko, garwashi, a kifa kwando, a baza kaya a kai. Dama na taho da kaskon turaren wutar mai jego, kuma na sayo gawayi a kasuwar Chow Kit wurin masu gasa tsire. Na hura a kicin. Na rufe taga don kada iska mai ruwa ta shigo. Kuskurena ke nan, kuma na ɗauka. A gida tsakar gida ce, sama a buɗe. Nan kuwa akwati ne. Kwana biyu ina yi. A rana ta uku Fatihu ya fara tari, ƙirjinsa na fito kamar 'yar usur.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Likitar ta tambaya ko akwai hayaƙi a gida, ko akwai danshi. Duka biyun akwai. Ina zaune a kan benci a waje da carbina, ban taɓa jin na tsufa irin na ranar ba. Zahraddeen ya wuce ta gabana, ya rusuna kamar kullum. Na ce a raina, da ka sayi injin da duk ba a yi haka ba, marowaci.

Allah ya ba yaron lafiya. Ranar Litinin da ta wuce Walida ta koma da shi a duba shi, ni ina gida ina guga, Khaulah ta shigo da kwanon alala. Ta zauna tana ta murza gefen hijabinta.

"Gwaggo, in tambaye ki mana, kada ki yi fushi."

"In ta fushi ce zan yi. Tambayi."

"Me ya sa kika ƙi a sayi injin? Ke da kika yaba nawa?"

Na ajiye dutsen guga. "Wa ya ƙi?"

"Haka ake faɗa a wurin karatu. Maigidana ya ji daga bakin Baban Fatihu, ya ce tun tuni yake so ya saya, ke kika ce in aka kawo shi gidan an raina wankinki, za ki haɗa kayanki."

"Ni?"

"Haka dai aka ce."

"Ni Turai? Ni da nake roƙo kamar mai bara?"

Ban rufe baki ba wayar ta yi ƙara a kan tebur. Walida ba ta nan. Ban taɓa ba wani ya karanta min ba, don kunya. Amma ranar jinina ya riga ya hau. Na ce, "Ungo, duba min."

Khaulah ta duba. Na ga tana danna ƙasa, tana danna ƙasa.

"Gaisuwa ce ko? Ya ce babu gaggawa?"

"Gwaggo, ba haka ya ce ba."

"To karanta yadda yake."

Ta karanta: "Turai, sau bakwai ke nan ina tambayar ranar dawowarki, amsa ɗaya nake samu, ba yanzu ba. Ban san laifin da na yi ba. Yara sun matsa min, sun ce zaman kaɗaici ya isa. In kin fasa ki faɗa min, ba zan riƙe ki ba. In Babbar Sallah ta wuce shiru, zan ɗauka amsar ke nan."

Na ce ta koma baya. Ta koma. Duk suna nan, dogaye, babu guda ɗaya da ya ce babu gaggawa. A wani ya ce ya sake fentin ɗaki. A wani ya ce ya yi zazzaɓi kwana huɗu, ni ban ko yi masa sannu ba. Sannan ta buɗe wurin amsoshin da aka tura da sunana. Ba yanzu ba. Ba yanzu ba. Jariri na buƙatata, ba yanzu ba.

Dutsen guga ya ƙona nafkin ɗaya, sai ƙauri ne ya dawo da ni.

Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba. Zahraddeen ya riga Walida dawowa, wajen ƙarfe huɗu, rigarsa jiƙe da ruwa, jaka a kafaɗa. Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyoyin shanya zai wuce ɗaki, ya durƙusa, "Gwaggo, barka da yamma."

Na ce, "Zahraddeen, zauna."

Bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Sai da ya waiga ko da wani nake. Ya zauna a ƙasa, kansa a sunkuye. Na sauke mayafin daga fuskata.

"Ɗago ka kalle ni. Yau kunya ta tafi hutu, ita ta kai mu asibiti. Na ce a gaya maka ka sayi injin busar da kaya. An gaya maka?"

Ya ɗago. "Ke kika ce a saya, Gwaggo?"

"Sau uku."

Ya zuge jakarsa, ya lalubo wata takarda mai hotuna, ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya shimfiɗa a gabana. Hotunan injunan busar da kaya ne reras, an zagaye ɗaya da jan biro.

"Tun Fatihu na sati uku nake yawo da ita. Na ga yadda kike tsayuwa kan guga, ƙafarki na kumbura. Na ce wa Walida mu saya, Gwaggo ta huta, in arba'in ta cika ta koma gida da ƙarfinta. Ta dawo ta ce kin yi fushi, kin ce inji ba ya kashe cuta sai rana, kuma raini ne." Ya sunkuyar da kai. "Na ji nauyin in tunkare ki."

"Ka ce iyayenmu da hannu suka raine mu?"

"Ni? Gwaggo, ni da na ga hannun mahaifiyata?"

Na kalli yaron nan da na yi wata uku ina zagi a zuci. Na ce, "Ka yafe min." Ya ce, "Subhanallahi, Gwaggo," ya rasa inda zai sa kansa.

Muna haka mabuɗi ya juya. Walida ta shigo da goyo, lema na ɗiga, baƙar abayarta ta jiƙe daga ƙasa. Ta ga mijinta a zaune gabana, fuskata a buɗe, takarda a tsakaninmu, waya a hannuna. Ba ta tambayi komai ba. Ta jingina da ƙofa.

Na ce, "Ba shi yaron. Ke biyo ni."

A ɗaki na rufe ƙofa. Ba zan ɓoye muku ba, na faɗa mata maganganu. Na ce na goya ki da zanin da ba ni da na canji. Na ce kin mayar da ni makauniya don ban yi boko ba, kin karanta min ƙarya da bakin da na ciyar. Kin sa na tsani mijinki, kin sa mutumin kirki yana zazzaɓi yana jiran sannuna, kin sa mata na yawo da sunana. Kuma ɗanki, ɗanki na cikinki, ya kwana da robar iska a hanci. Saboda me?

Tana tsaye, hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Saboda in aka saya za ki tafi."

"To da fa? A nan za a binne ni?"

"Gwaggo, ba ki san yadda nake ba kafin ki zo." Ta zame ta zauna a bakin katifa. "Wata goma sha ɗaya. Ya fita ƙarfe bakwai, sai magariba. Ba na jin yarensu, Turancin nasu ma ba na ganewa. Wataran tun safe har yamma ban buɗe baki na yi magana da kowa ba, sai in ji muryata ta dishe. Na je karatun Asabar sau ɗaya, duk masu digiri, suna ta Turanci, aka tambaye ni me nake karanta, na ce ba komai, aka yi shiru. Ban koma ba. Sai in tsaya a baranda ina kallon ƙasa, ina kallo, har in ji tsoron kaina in koma ciki in kulle. Da kika zo na daina. Da na ji ya ce ki huta ki koma, sai na ga barandar nan, ga ni ga jariri."

Ta ɗago ta kalle ni, ta ci gaba.

"Na san na yi laifi. Kullum in na ga kina guga sai in ce gobe zan faɗa. Na ga in dai akwai shanya, akwai Gwaggo."

Jama'a, fushina bai tafi ba, kada ku ɗauka ya tafi. Amma ya samu abokin zama. Wata biyar ina gidan nan, na san adadin nafkin, na san wanne ne ya fara yagewa, ban san yarinyar da na raina tana tsoron baranda ba. Na zo wankan jego na gasa mata jiki da ruwan zafi, na dama mata kunun kanwa, ban taɓa cewa ke Walida, yaya zuciyarki ba. Mu ba a tambaye mu ba, shi ya sa ba mu iya tambaya ba. A gida mai jego ba ta rasa mutane, wannan ta shigo, waccan ta fita, har ki gaji. Nan kuwa ƙofa na kallon ƙofa, kowa ya kulle tasa.

Na ce, "Share fuskarki. Inji za a saya. Ni kuma zan tafi. Ba don na daina sonki ba, sai don ni ba igiyar shanya ba ce da za a ɗaure a bari. Amma ba zan bar ki yadda na same ki ba. Mijinki zai ji maganar barandar nan yau, daga bakinki, ina zaune. In ta likita ce a kai ki. Sannan ranar Asabar za ki saka atamfarki mai kyau, mu je wurin karatun nan tare, ki tashi ki gaya musu wa ya ƙi inji."

"Gwaggo, a gabansu?"

"A gabansu aka ɓata ni."

"Ba zan iya ba."

"Kin iya karanta ƙarya wata huɗu ba ki sarƙe ba."

Zahraddeen ya ji komai a yammacin. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar barandar, sannan ya ce, "Ni ina gidan nan ban sani ba." Khaulah ma da na gaya mata sai ta ce, "Mu ma da laifinmu, Gwaggo. Ƙofa da ƙofa, mun ɗauka girman kai ne." Ita na sa ta rubuta wa Malam gaskiyar abin da ya faru, ban rage komai ba sai abin da yake sirrin yarinyar. Aka tura. Shiru.

Washegari na ce da ni za a je shagon. Na ƙulle jiƙaƙƙun nafkin goma sha biyu a leda na saka a jaka. Zahraddeen ya gani, ya kau da kai. Mai shagon wani ɗan Sin ne mai tumbi. Ya nuna mana iri biyu: ɗaya mai bututu da ake zurawa ta taga tururi ya fita, ɗaya mai tara ruwan a cikinsa, ya fi tsada. Zahraddeen ya auna faɗinsa da igiyar awo, ya ce mai bututun zai hau kan injin wanki daidai, ga taga kusa. Ya yi tambaya a kan wuta, aka ce yana sha, ba ƙarya. Na ce a gaya masa kayan jariri da tawul kaɗai za a riƙa sawa, manyan kaya su jira rana, atamfa kuwa kada wanda ya kuskura ya jefa min ita ciki.

Sannan na zaro ledata na ɗora a kan teburinsa.

"Ka ce masa ba na sayen akuya a cikin buhu."

Mutumin ya leƙa ledar, ya kalle ni, ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. "Boleh, makcik, boleh!" Wato an yarda, gwaggo. Ya jona wuta, ya zuba, ya kawo min kujera.

Na zauna ina kallon nafkin na juyawa ta gilashi. Aikin da ke cinye min yini guda, daga hantsi har la'asar. Na yi tunanin hannuna, na yi tunanin uwata da ta yi wa mutum tara wanki a bakin rijiya har yatsunta suka kanannaɗe. Ban ji raini ba ko kaɗan. Abin da na ji shi ne, ashe abin da ya riƙe ni wata biyar ƙarfe ma zai iya. Wanda ƙarfe ba zai iya ba, shi ne ban yi ba.

Da ya buɗe na ɗauko ɗaya, na shinshina, na murza a kunci. Na ce, "A naɗe shi."

Ranar Laraba aka kawo. Muna tsaye mu uku, ni da Walida da Khaulah, ana zura bututu ta taga, na kwance igiyoyin falo ɗaya bayan ɗaya. Ashe falon yana da faɗi. Muka zuba kayan farko, ya fara juyawa, sai wayar ta yi ƙara a ƙugun zanina.

Khaulah ta miƙo hannu. Na kalle ta, na kalli Walida da ta sunkuyar da kai tana jijjiga Fatihu. Na karɓi yaron, na saka wa Walida wayar a tafin hannu.

"Karanta. Duka."

Ta karanta: "Turai, na ji, kuma zuciyata ta yi sanyi. Kada ki tsananta wa yarinyar. Amma ki sani yara sun riga sun yi min maganar wata mata a Dala, ranar Lahadi za su zo jin bakina. Ba na son in ce musu tana nan tafe, na gaji da faɗin haka. Ki ba ni ranar da zan faɗa musu. Na ɗaura sabuwar igiyar shanya a tsakar gida, ba abin da aka taɓa ratayawa a kai."

Ta ɗago, idonta jawur. "Me zan rubuta masa, Gwaggo?"

"Rubuta, kwana uku bayan Babbar Sallah."

Ta daɗe yatsanta na kan wayar bai motsa ba. Injin na ta juyawa. Sannan ta danna, harafi bayan harafi, hawaye na sauka a kan hannunta. Kafin ta tura, ba wanda ya ce mata, ta juya wayar ta nuna wa Khaulah.

Khaulah ta duba, ta gyaɗa min kai.

Wannan shi ne abin da ya faru, ku da kuka ji rabi kuka yaɗa. Ban ƙi inji ba. Gawayi na hura, na kuma nemi gafarar Allah da ta uban yaron. Gobe Asabar. Na goge wa Walida atamfarta shuɗiya mai ganye, na rataye a ƙofar ɗakinta, har yanzu ba ta taɓa ta ba, ba ta kuma ce za ta je ba. Ni dai ƙarfe goma ina wurin, a sahun gaba, da jikana a cinya. In ta tashi ta yi magana, duk wadda ta yi mata kallon banza da ni za ta yi. In ta gama, ina so in ga wacce a cikinku za ta matsa ta ba ta wurin zama a gefenta, don nan da sati uku ni ba na nan.